Yadda Ake Sauya Amfilifayar Mota da Ruwa Ya Lalata

Amfilifayar da kamfani ke haɗo mota da ita ƙaramar akwati ce ta alminiyam, aikinta ta karɓi sauti daga rediyo, ta ƙara masa ƙarfi, ta rarraba wa sifikoki. Masu ƙera mota kan ɓoye ta inda ido ba ya kaiwa: ƙarƙashin kujerar gaba, ƙarƙashin kafet, cikin lungun gefen but, ko kusa da tayar safaya. A BMW E60 da E90 da Audi A6 da yawa tana gefen hagu na but, bayan murfin bango. A wasu motocin Toyota masu kayan sauti na kamfanin JBL tana ƙarƙashin kujerar gaba. Duk wuraren nan kwari ne, can ruwa ke gangarawa ya kwanta idan ya sami hanyar shiga.

Ba jiƙewar kaɗai ke kashe ta ba. Babbar wayar da ke ba ta wuta tana ɗauke da volt 12 dare da rana, ko an zare makulli. Da zarar ruwa mai datti ya haɗa haƙorin soket mai wuta da na at, wato wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, sai wuta ta riƙa bi ta cikin ruwan tana cinye tagulla a hankali. Wannan ne ke barin koren abu da fari-fari kamar garin gishiri a soket da allon ciki. Saboda haka idan yau ka tarar da ruwa a wurin, kafin komai zare fis ɗinta ko ka cire kan batir. Amfilifayar da ta jiƙe ba wuta a jikinta takan rayu, wadda ta kwana uku a ruwa da wuta kuwa da wuya.

Cire tsohuwa da ɗaura sabuwa aikin awa ɗaya ne ko biyu. Abin da ke cin lokaci, kuma shi ke raba gyara mai ɗorewa da asarar kuɗi, shi ne gano ƙofar ruwan da gyara soket. Wanda ya sa sabuwa bai toshe yoyo ba, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Ka fara tabbatar da cewa ita ce

Alamominta sanannu ne: fuskar rediyo na aiki amma ba sauti ko kaɗan, ƙarar ƙas-ƙas ko fashewa daga sifikoki ko da an rage murya, sauti na zuwa yana ɗaukewa, musamman bayan ruwan sama ko wankin mota, fis na ƙonewa da an sa sabo, ko batir na mutuwa cikin dare saboda amfilifayar ta ƙi yin barci. A motoci da yawa na zamani, ƙarar gargaɗin bel da ta na'urar fakin duk ta cikinta suke bi, su ma sai su yi shiru.

Duba fis tukuna. Sau da yawa amfilifaya na da nata dabam da na rediyo, yawanci tsakanin amfiya 20 zuwa 40, kuma yana iya kasancewa a akwatin fis na but ba na gaba ba. Kada ka yarda da ido, auna shi da mita, wato na'urar auna wutar lantarki. Idan ya ƙone, kada ka sa wanda ya fi shi lamba, waya za ka dafa.

Daga nan ka kai ga soket ɗinta. A wayar wuta mai kauri ya kamata mita ta nuna volt 12.4 zuwa 12.6 inji a kashe. Tsakanin wayar at da ƙarfen mota mai tsabta kada ya wuce rabin ohm. Tsofaffin motoci na da siririyar waya da ke kawo volt 12 daga rediyo don ta tashe ta, ka duba ko wutar na zuwa idan an kunna rediyo. Sababbi kuwa ta wayoyin saƙo na kwamfuta ake tashe su, nan sai an jona na'urar duba mota a ga ko amfilifayar na amsawa.

Akwai wani tsari da ke ruɗa mutane a BMW, Audi, Mercedes, Porsche, Volvo da Land Rover na wasu shekaru, sunansa MOST. Rediyo, amfilifaya, na'urar waya da ta faifai duk a jere suke kan zobe ɗaya na wayar haske, jan haske ke zagayawa daga wannan zuwa wancan. Na'ura ɗaya ta mutu, zoben ya yanke, komai ya yi shiru, har fuskar rediyo kan riƙa mutuwa tana tashi. Don gane mai laifi, ana zare soket ɗin haske daga na'urar da ake zargi a sa ɗan lanƙwasasshen mahaɗi da ke mayar da hasken cikin zobe. Idan ka tsallake amfilifaya sauran na'urori suka farfaɗo, ita ce, ko da yake sauti ba zai fito ba tunda ba ta cikin layi. Idan ka tsallake wata na'urar dabam, sauti ya dawo, to amfilifayarka lafiya lau take, ka tsira da kuɗinka.

Kayan aiki

Kana bukatar mita mai auna volt, ohm da amfiya. Sifana mai lamba 10. Sukurdireba masu kan tauraro T20, T25 da T30, da manya kamar T45 ko T50 idan za a ɗaga kujera. Kayan roba na ɓanɓare murfi, don sukurdireba kan fasa maƙalai ya karce fenti. Sai sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, maganin fesa na wanke soket, buroshi mai laushi, giris na silikon da ake shafa wa soket, robar rufe waya mai tsukewa da zafi irin mai gam a ciki, da filayar matse mahaɗin waya. Ga ɓangaren ruwa kuma: gorar ruwa, tocila, tsummoki, fanka, da igiyar leda mai ɗan tauri ta mita 2 zuwa 3. Mafi muhimmanci duka, zanen wayoyin motarka na daidai shekararta.

Cire batir, cire tsohuwa

Idan tana ƙarƙashin kujera mai aiki da wuta, tura kujerar ka kwance notin baya, ka mayar da ita ka kwance na gaba, tun batir na haɗe. Idan batir ɗin a but yake, bar but a buɗe ka cusa tsumma a makullinsa, don in ya rufe ba wuta sai ka bi ta kujerar baya. Idan rediyon mai neman lambar sirri ne, nemo ta yanzu.

Kashe mota, zare makulli, cire kan batir mai alamar debewa, ka kauda shi yadda ba zai koma ya taɓa ba. Jira. Toyota kan ce aƙalla daƙiƙa 90, wasu kamfanoni sun fi haka, minti 10 ya wadatar a yawancin motoci. Dalili shi ne na'urar jakar iska na riƙe ragowar wuta. Soket masu launin rawaya da ke ƙarƙashin kujera nata ne: kada ka sa musu mita, kada kuma ka kunna makulli suna zare, in ba haka ba fitilar jakar iska za ta kama, kuma a motoci da yawa sai da na'ura ake goge ta. Sau tari ma ba sai an zare su ba, a karkata kujerar zuwa baya a tokare ta ya isa.

Ɗauki hoton komai kafin ka taɓa. Kowane soket na da harshen da ake dannawa ko hannun da ake juyawa, ka kama jikin soket ɗin, ba wayoyin ba. Wanda tsatsa ta kama, fesa masa magani, ba shi minti 5, ka girgiza a hankali. Wayar haske ba a lanƙwasa ta sosai, lanƙwasar da ta fi ta gefen ƙaramin kofi matsewa kan raunana hasken, kuma ka rufe bakinta kada ƙura ta shiga. Noti 3 ko 4 ne ke riƙe da akwatin. Idan ta fito, karkata ta ka ga ko ruwa zai zubo, ka duba layin da ruwa ya bari a jikinta da jikin ƙarfen wurin. Layin nan shaida ne: zai gaya maka ko tafki ne ya taso daga ƙasa, ko ɗigo ne daga sama ya biyo waya.

Neman ƙofar ruwan

A bushe wurin sarai tukuna, don ba a gane sabon ruwa a kan tsoho. Sannan mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, an cire murafun gefe, ɗaya ya riƙa zuba ruwa daga waje da tiyo marar ƙarfi. A fara daga ƙasa a yi sama, kowane wuri a ba shi minti 5. Idan aka fara daga rufi, ruwa zai wanke ko'ina lokaci ɗaya, ba za ka san ta ina ya shiga ba. Barbaɗa hoda a hanyoyin da kake zargi, ɗigo zai zana layinsa a kai.

Motar da ke da tagar rufi, ita ce farkon abin zargi. Robar da ke kewaye da gilashin ba a yi ta don ta hana ruwa gaba ɗaya ba. Akwai faranti a ƙarƙashi da ke tare abin da ya wuce, da ƙananan bututu yawanci 4, biyu suna sauka ta ginshiƙan gaba, biyu ta na baya. Ƙura da ganye kan toshe su, ko bututun ya zame daga bakinsa, sai ruwan ya bi cikin ginshiƙi ya ƙare a ƙarƙashin kafet ko a but. Buɗe tagar, zuba kamar rabin kofi a kowace kusurwa, ya kamata ya fito ƙarƙashin mota cikin daƙiƙu kaɗan. Wanda ya ƙi, zura masa igiyar leda a hankali. Kada ka sa wayar ƙarfe, tana huda shi. Kada ka buga masa iskar kwamfireso mai ƙarfi, tana fizge bututun daga mazauninsa a cikin silin, ƙaramin aiki ya zama babba. Ƙarshen bututun na da ɗan bakin roba da ke tsukewa, nan datti ya fi taruwa, a matsa shi da yatsa a wanke.

Idan ruwan a but yake, duba gaskit ɗin soso da ke bayan fitilun danja, yakan motse da shekaru, ko kuma an taɓa cire fitilar ba a mayar da shi daidai ba. Duba robar bakin but. Akwai kuma wasu tagogin roba masu faifai a ɓoye bayan bamba, aikinsu fitar da iska idan an rufe ƙofa, bakinsu kan saki ya riƙa shigo da ruwan da taya ke watsawa. Motar da aka taɓa bugawa a baya, ka bi layukan haɗin ƙarfe, gam ɗin wurin yakan tsage.

Idan ƙarƙashin kujerar gaba ne, akwai abubuwa uku. Magudanar da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, in ta cika da ganye ruwa kan tumbatsa ya shiga ta hanyar iskar fanka. Bututun zubar da ruwan esi in ya toshe, ruwan na komawa ciki, alamarsa kafet na jiƙewa ko ba a yi ruwan sama ba, kuma ba ka ganin ɗigo a ƙasa idan mota ta tsaya da esi a kunne. Na uku ledar da ke manne a cikin ƙofa, bayan murfinta. Masu sa sifika kan yage ta su bar ta haka, ruwan da ke bin gilashi sai ya zubo kan dokin ƙofa.

Kafet ma'adanar ruwa ce. Samansa zai bushe ka ɗauka an gama, alhali sosan da ke ƙasa na riƙe da lita da yawa. Ɗaga shi, tokare da katako, matse sosan da tsumma, kunna fanka kwana 1 zuwa 3. Idan ka matsa da tafin hannu ka ji sanyi ko danshi, bai yi ba.

Soket da wayoyi

Nan ne gyara ya fi lalacewa. Sabuwar amfilifaya a kan ruɓaɓɓen soket za ta yi aiki mako biyu, sannan sauti ya fara ɗaukewa, a ɗora wa kayan laifi.

Haska cikin soket ɗin, haƙori bayan haƙori. Wanda ya ɗan dushe kawai, magani da buroshi sun isa: fesa, goge, wanke da sifirit, bar shi ya bushe. Wanda ya yi kore, ko bakinsa ya buɗe ba ya matse abokinsa, sai sauyi. Mafi sauƙi ka samo soket irinsa da guntun wayoyinsa kamar tsawon taƙi ɗaya, ka haɗa. Ka yanka waya ɗaya, ka haɗa ta, sannan ka taɓa ta gaba, domin launuka kan maimaitu, kuma idan ka yanke 20 lokaci ɗaya ka shiga uku. Ruwa na bin cikin waya kamar yadda mai ke bin lagwani, don haka fere ta ka duba: tagulla mai sheƙi lafiya, baƙa ko kore a ci gaba da yankewa har a kai ga mai kyau. A matse da mahaɗi ko a liƙe da dalma, a rufe da roba mai gam. Murɗa waya a naɗe da salatif ba gyara ba ne. Jera mahaɗan nesa kaɗan da juna kada su yi dunƙule. Wayoyin saƙo da ke murɗe biyu-biyu, a bar su a murɗe har bakin mahaɗi, murɗin ne ke kare su daga hayaniyar wuta.

Kada ka manta da inda aka ɗaure wayar at a jikin mota. Kwance notin, kankare har ƙarfe ya yi haske, ɗaure tam, shafa giris a sama.

Kafin ka jona sabuwa, auna kowace sifika daga soket ɗin. Mai ohm 4 takan nuna tsakanin 3 da 4, mai ohm 2 ƙasa da 2 kaɗan. Tsarin sauti na kamfanin Bose da makamantansa kan yi amfani da sifikoki masu ƙaramin ohm, don haka ka gwada hagu da dama, su zo ɗaya. Sifili na nufin wayoyi sun haɗu ko sifikar ta ƙone. Rashin karatu na nufin layi ya yanke, sai dai ƙananan sifikoki masu siririyar murya da ke da kafasita, wato 'yar na'urar tace sauti, a layinsu, su dama haka suke nunawa. Sannan auna kowace wayar sifika da ƙarfen mota, bai kamata a sami haɗi ko kaɗan ba. A irin waɗannan amfilifayoyi duka wayoyin sifika biyu masu wuta ne, babu ta at a cikinsu, ɗaya ta taɓa ƙarfe, ɓangaren amfilifayar da ke ba wannan sifika sauti zai iya ƙonewa nan take. Amfilifaya mai mutuwa kan tura wutar batir kai tsaye cikin sifika ta gasa ta, shi ya sa wannan awon bai zama na ganin dama ba.

Wacce za a sa

Karanta lambar kaya da ke kan takardar jikin tsohuwar, har haruffan ƙarshe. Akwatuna biyu na iya zama iri ɗaya a ido, soket ɗaya, amma an daidaita sautinsu don motoci dabam: mai but da mai dogon baya, mai sitiyari a hagu da mai shi a dama, mai sifika 8 da mai 12. Kamfani kan maye tsohuwar lamba da sabuwa, dila zai iya tabbatar maka da lambar shasi.

Ta hannu zaɓi ne mai kyau, amma ka tuna cutar da ta kashe taka ita ke bin duk motocin irinta. Duba haƙoranta da tocila, duba sukurorin jikinta ko sun yi tsatsa, shinshina ko akwai ƙauri. Gyaran tsohuwar na yiwuwa idan ruwan bai daɗe ba: a buɗe, a wanke allon da sifirit da buroshi, a bushe sosai. Binne ta cikin shinkafa ba ya cire gishirin da ruwa ya bari. Idan layukan tagulla sun cinye ko tsatsa ta shiga ƙarƙashin manyan ƙwayoyin allon, a haƙura.

Sa amfilifayar kasuwa a madadin ta kamfani ya fi yadda ake zato wuya. A motoci da yawa rediyo ba ya rage murya da kansa, saƙo yake aika wa amfilifaya ta rage, wani sa'in ma sautin ta wayar haske yake zuwa. Sai an sayi na'urar fassara ta musamman ga wannan motar, in ba haka ba a rasa maɓallin murya da ƙarar gargaɗi.

Ɗaurawa da gwaji

Shafa giris kaɗan a robar bakin soket da bayansa, ba a cika ramukan ba, kuma kada ya kusanci bakin wayar haske. Tura kowane soket har ka ji ƙas. Gyara wayoyin yadda za su ɗan sauka ƙasa da soket kafin su hau su shiga, ta haka ɗigon da ya biyo waya zai faɗi a gindin lanƙwasar. Idan da sarari, ɗaga akwatin santimita 1 ko 2 da zoben roba da ake sa wa noti. Kada ka naɗe ta a leda, jikinta ne ke fitar da zafi, leda kuma na tara gumi. Notin kujera a ɗaure su da sifana mai awo bisa adadin da littafin motar ya faɗa, bel da jakar iska sun dogara da su.

Mayar da duk soket, sa sabon fis mai lamba daidai, sannan ka mayar da kan batir. Kunna rediyo da ƙaramar murya. A wasu motoci, kamar Toyota da yawa, lamba ta dace sauti ya fito ke nan. A Audi da Volkswagen na zamani akwai kariyar sata da ke ɗaure na'ura da motarta ta asali, ta hannu za ta fito da sauti a takure ko tana yankewa har sai an buɗe ta da kwamfutar da ke haɗe da kamfani ta intanet. BMW, Ford da motocin GM kan bukaci a rubuta mata bayanan motar. Ka binciki wannan tun kafin ka saya. Bayan haka a goge tsofaffin lambobin matsala, a sake dubawa. Tagogi masu hawa da taɓi ɗaya kan manta iyakarsu bayan cire batir, yawanci riƙe maɓallin sama na 'yan daƙiƙu bayan gilashi ya rufe yana dawo da su.

Karkata sauti gaba, baya, hagu, dama, ka saurari kowace sifika ita kaɗai. Idan bugun ganga ya yi rauni a tsakiya amma ya ƙaru da ka karkata gefe ɗaya, an juya wayoyin wata sifika. Kukan da ke tashi da sauka tare da totur yawanci at ne marar kyau. Bar ta tana aiki minti 20, taɓa jikinta: ɗumi daidai ne, zafin da hannu ba ya jurewa ba daidai ba ne.

Saura awon barci. Jona mita a layin amfiya 10 tsakanin kan batir na debewa da wayarsa, kulle mota, kada ka tada inji ko ka kunna komai, ka jira minti 30 zuwa awa 1. Lafiyayyar mota kan sauka ƙasa da miliamfiya 50. Idan ta tsaya sama, zare fis ɗin amfilifaya ka ga ko zai faɗi. In ya faɗi, akwai abin da ke hana ta barci, yawanci sauran tsatsa a wayoyin saƙo ko rashin rubuta mata bayanai.

Kada ka mayar da murafun gefe a ranar. Shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin amfilifayar da kewayenta, maimaita gwajin tiyo na minti 15, sannan ka sake duba takardar bayan ruwan sama na farko ko wanki biyu. Idan ta fito a bushe ba tabo, sai a rufe.